Shari'o'ina suna Obsidian, ranakunsu suna wani wuri: ta ina zan haɗa su?

"Assalamu alaikum Malam. Ni lauya ce, shekarata uku da fara aiki. Duk bayanan shari'o'in da ke hannuna a Obsidian nake rubuta su, kowace shari'a da shafinta. Ranakun zama kuma suna cikin Google Calendar da wata dayari ta takarda. Idan aka ɗage shari'a sai na gyara wuri uku, wani lokacin in manta ɗaya. Satin da ya wuce sai da na je kotu ranar da ba tawa ba. Akwai yadda zan sa shafukan nan su riƙa fitowa a kalanda, in ja su daga wannan rana zuwa waccan, in huta da dayari? Na ɗora wani abu mai suna Calendar, amma ɗigo-ɗigo kawai yake nuna min."

Wa alaikumus salam Barista. Idan na fahimce ki, kina so rana da bayani su zauna wuri guda, ta yadda gyara ɗaya zai wadatar. Wannan yana yiwuwa, ni ma haka nake tafiyar da ayyukana na koyar da kwamfuta a ofisoshi. Sai dai jan shafi daga rana zuwa rana, wanda shi ne kika fi ƙwallafa rai a kai, shi ne kuma inda zan ce ki yi hattara. Zan zo kan dalili.

Mu fara da ɗigon nan da kika gani. Calendar ɗin da kika ɗora, na Liam Cain, bai lalace ba, aikinsa ke nan. An yi shi ne domin masu rubuta shafi guda kowace rana: yana nuna wata a gefen allo, idan kika taɓa rana sai ya buɗe miki shafin ranar, ɗigon kuma yawan kalmomin da kika rubuta a ranar yake aunawa, ɗigo ɗaya kan kowace kalma 250 idan ba ki canza ba. Bai san komai game da ƙarfe nawa za a zauna ba. Mutane da yawa sunan ne yake yaudararsu.

Asalin matsalar kuwa ita ce Obsidian ba kalanda ba ce tun daga tushe. Tun fitowarta a 2020, abin da take yi shi ne karanta fayilolin rubutu zalla, na tsarin Markdown, da ke cikin wata folda a wayarki ko kwamfutarki. Fayil irin wannan bai san ranar komai ba, in banda ranar da aka ƙirƙire shi da ranar da aka taɓa shi ta ƙarshe, kuma ko waɗannan ba abin dogaro ba ne, domin sukan canza idan aka kwashe fayilolin zuwa wata na'ura. Saboda haka duk wata kalanda da za ki gani a cikin Obsidian, abin da take yi guda ne: ta bi fayilolinki tana neman wani layi da aka rubuta rana a ciki, ta zana abin da ta samu a kan allo. Ranar tana cikin rubutun, kalandar taga ce kawai. Idan kika riƙe wannan, sauran bayanin zai zo da sauƙi.

## Yadda ake saka rana a cikin shafi

A saman kowane fayil ana iya buɗe wani ɗan fili tsakanin layuka biyu na sandar tsakiya uku-uku, a jera bayanai a ciki. Tun daga sigar 1.4 da ta fito a 2023, Obsidian tana nuna filin a matsayin Properties, da akwatunan cikewa, ba sai kin rubuta da hannu ba. Ƙarin da ya dace da buƙatarki, wato ƙaramar manhajar da ake ɗorawa a kan Obsidian, shi ne Full Calendar, na Davis Haupt. Za ki nuna masa folda guda, shi kuma ya ɗauki kowane fayil da ke ciki a matsayin zama ɗaya. Ga yadda saman fayil ɗin yake kasancewa:

```
---
title: Sauraron shaida, shari'ar gona
allDay: false
date: 2025-05-13
startTime: 09:00
endTime: 11:00
---
```

Ƙarƙashin wannan sai ki rubuta duk abin da kika ga dama. A kalandar zai fito ranar Talata 13 ga Mayu, daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya, kuma daga can za ki iya buɗe shafin. Kowace folda tana samun launinta, don haka za ki iya ware zaman kotu daban, ganawa da waɗanda kike karewa daban.

Ki lura da yadda aka rubuta ranar: shekara, wata, sannan rana. Tsarin ISO 8601 ke nan, kuma kada ki kauce masa ko da a sunan fayil ne. Mu nan idan muka ga 03/04/2025 uku ga Afrilu muke karantawa, manhajar da aka saita da tsarin Amurka kuwa huɗu ga Maris za ta ɗauka. Tazarar wata guda ke nan a kan ranar zama. Ga kuma riba ta biyu: fayilolin da sunansu ya fara da shekara suna jera kansu bisa tsarin lokaci ba tare da kin yi komai ba.

Full Calendar yana da hanya ta biyu, inda zaman ba ya samun fayil nasa, sai layi ɗaya a ƙarƙashin wani kanu a cikin shafin ranar. Tana da kyau ga ƙananan abubuwa kamar kiran waya ko karɓo takarda daga rajistara. Ba na ba ki shawarar ta a kan zaman kotu, saboda zama yana tara rubutu.

## Shafin shari'a daban, shafin zama daban

A nan ne zan daɗe, domin a nan yawancin masu gwada wannan tsari suke tuntuɓe. Abin da zai fara zuwa miki a rai shi ne ki buɗe shafin kowace shari'a da kike da shi yanzu, ki saka masa rana, shi ke nan ya fito a kalanda. Zai fito kuwa. Amma shari'a guda tana da ranaku nawa? Ranar ambato, ranar sauraron shaida, ranar da aka ɗage saboda lauyan ɗaya ɓangaren bai zo ba, ranar da alƙali bai zauna ba, ranar hukunci. Akwatin date kuwa rana ɗaya tak yake ɗauka. Duk sanda kika ja zaman a kan allo daga 13 ga Mayu zuwa 17 ga Yuni, manhajar goge tsohuwar ranar take yi ta rubuta sabuwa a gurbinta, har sunan fayil ɗin ma ta canza. Sha uku ga Mayu ta tafi, babu alamar an taɓa sa ta.

Ni wannan ya taɓa cizona. Akwai wani ofishi da na yi yarjejeniya da su zan koyar da ma'aikatansu na kwana uku. Suka ɗage sau ɗaya, na ja zaman gaba. Suka sake ɗagewa, na sake ja. Karo na uku ni ne na nemi uzuri saboda rasuwa da aka yi mana. Da aka zo biyan kuɗi sai akantansu ya ce ai ni na yi ta jan aikin wata biyu, za su zaftare wani abu. Na buɗe kalandata da ƙarfin gwiwa don in nuna masa, sai na tarar da rana ɗaya kawai, ta ƙarshe, zaune abinta kamar tun farko ita aka sa. Daren ranar a kan tono tsofaffin saƙonnin WhatsApp na ƙare shi. Ni kuɗin koyarwa ne kawai a tsakani. Ke kuwa wata rana wanda kike karewa zai zauna gabanki ya ce, "Barista, wai shari'ar nan shekara guda ke nan, laifin wa ne?" Kina buƙatar jerin ranakun da dalilin kowace ɗagewa.

Abin da nake yi yanzu, kuma shi nake ganin zai fisshe ki, shi ne shafi iri biyu. Shafin shari'a yana nan yadda kika saba, ba rana a kansa, ba ya shiga kalanda. Kowane zama kuma yana da ɗan shafinsa a cikin wata folda, mu ce mai suna Zama, wadda ita kaɗai Full Calendar yake kallo. A cikin shafin zaman sai ki rubuta sunan shafin shari'ar tsakanin bakan kusurwa biyu-biyu, kamar [[Shari'ar gona]], wanda shi ne yadda Obsidian take ɗaure shafi da shafi. Idan aka ɗage, kada ki taɓa tsohon zaman. Ki buɗe shi ki rubuta layi ɗaya, "an ɗage, shaida na biyu bai zo ba," sannan ki taɓa sabuwar ranar a kalanda ki buɗe sabon zama. Bayan wata shida idan kika buɗe shafin shari'ar, sashen da ke nuna shafukan da suka ambace shi zai jero miki duk zaman da aka yi, kowanne da ranarsa a sunansa.

To yaushe ake ja ke nan? Idan ke kika yi kuskuren rubuta ranar, ko kuma abu ne naki na kanki da ba wanda zai tambaye ki tarihinsa, kamar ranar da kika ware don karanta fayil. Wannan ki ja shi yadda kike so.

Na san za ki ce fayiloli za su yi yawa. Za su yi, amma kowanne bai wuce 'yan layuka ba, kuma ba da ido za ki riƙa nemansu ba. Idan kika ɗora Dataview, na Michael Brenan, layi ɗaya zai ba ki jadawalin duk abin da ke gabanki:

```
TABLE date, kotu FROM "Zama" WHERE date >= date(today) SORT date ASC
```

Wannan kotu da kika gani akwati ne da za ki ƙara da kanki a saman shafin zama, ki rubuta sunan kotun a ciki. A 2025 Obsidian ta zo da nata kayan jadawali mai suna Bases, wanda yake yin irin wannan aiki da taɓe-taɓe ba tare da rubuta umarni ba. Duk wanda ya fi miki sauƙi ki ɗauka, tunda su biyun akwatunan nan na saman shafi suke karantawa. Ni a gaskiya jadawalin nan na fi buɗewa fiye da kalandar kanta, musamman a waya, inda zanen mako guda yake matsewa har sai na karkata wayar.

## Abin da ba za ta yi miki ba

Ba za ta tashe ki ba. Wannan shi ne babban gibin, kuma gara ki ji shi tun yanzu. Full Calendar nunawa kawai yake yi, ba ya kaɗa ƙararrawa. Akwai ƙarin da ake ɗorawa don tunatarwa, amma a waya sai manhajar tana buɗe suke aiki, wanda hakan bai da amfani ga mai barci da asuba ranar zama. Saboda haka ba zan ce ki jefar da Google Calendar ba. Dayarin takarda ce za ta tafi, wuri uku ya koma biyu, kuma ki yanke tun yau wanne ne mai gaskiya idan suka saɓa. Shawarata Obsidian ta zama mai gaskiya, tunda a can dalilin ɗagewa yake. Google Calendar aikinta ƙararrawa kawai.

Ana iya sa abin da ke Google ya bayyana a cikin Full Calendar. A saitin kalandarki ta Google, idan kika shiga ta burauza a kwamfuta, akwai wani adireshi na sirri na tsarin iCal. Idan kika liƙa shi a Full Calendar, abubuwan Google za su fito kusa da naki. Tsarin iCalendar tsoho ne, tun 1998 aka tsara shi, aka sabunta a 2009, kusan duk wata manhajar kalanda tana jin sa. Amma hanyar mai tafiya ɗaya ce: gani kawai za ki yi, ba za ki gyara daga Obsidian ba, kuma abin da kika rubuta a Obsidian ba zai koma Google ba. Amfaninta a wurina shi ne gane saɓani. Idan zama yana wurare biyun, zan gan shi sau biyu a rana ɗaya da launi biyu. Ranar da na ga launi ɗaya shi kaɗai, na san na manta wani gefen.

Ki kula da adireshin nan. Duk wanda ya same shi zai iya karanta kalandarki gaba ɗaya ba tare da kalmar sirri ba, kuma yana ajiye ne a fili cikin fayil ɗin saitin ƙarin, a cikin foldar rubutunki. Idan kika tura wa wani foldar duka, kin tura masa har da shi. Don haka a gefen Google ki taƙaita, ki sa lambar shari'a da kotu kawai, sunayen mutane su tsaya a Obsidian. Idan kika yi zargin ya fita, akwai maɓallin sake shi a wurin da kika kwafo shi, tsohon ya mutu.

Abubuwa masu maimaituwa ma sai a hankali. Za ki iya cewa taron ofis duk Litinin, ya fito kowane mako. Amma fayil ɗaya ne yake tsaya wa dukkan Litinin ɗin, don haka abin da kika rubuta a taron wannan mako da na makon jiya wuri guda za su taru. Na bar irin waɗannan a Google, bayanin taron kuma in rubuta shi a shafin ranar. Hutun Sallah ma kada ki sa shi ya maimaitu duk shekara, tunda shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Miladiyya da kamar kwana 11 kowace shekara, ga shi kuma sai an ga wata gwamnati ta sanar. Idan zama ya faɗo kusa da Sallah, nakan rubuta "a tabbatar" a gaban sunansa.

Wani ɗan abu da kalandun nan ba su san da shi ba: rabin alƙawuranmu ba da agogo muke yin su ba. Mutum zai ce zai zo ofis bayan La'asar. Akwatin startTime kuwa lamba yake so. Abin da nake yi shi ne in sa kimanin lokaci don ya zauna a inda ya dace a ranar, amma in rubuta "bayan La'asar" a cikin sunan, don kada bayan sati biyu in ga 16:30 in zaci da bakinsa ya faɗi haka. Idan kuma ganawa ce ta intanet da wani a Ingila, ki tuna agogonsu yana canzawa a Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba, namu ba ya motsi. Lambar da kika rubuta a shafi ba ta san da wannan ba, don haka ki juya ta zuwa lokacinmu kafin ki rubuta.

## Waya da kwamfuta

Tunda a kotu da waya za ki rubuta, a ofis kuma da kwamfuta, dole foldar ta riƙa daidaita tsakaninsu. Obsidian suna da nasu na kuɗi, akwai kuma Syncthing na kyauta, wanda shi na fi daɗewa a kai. Ga abin da ya taɓa ruɗa ni: na gyara zama ɗaya a waya ina wurin da babu sabis, da yamma na sake gyara shi a kwamfuta kafin wayar ta haɗu. Syncthing bai zaɓi ɗaya ya zubar da ɗaya ba, sai ya ajiye duka biyun, ya liƙa wa ɗaya kalmar sync-conflict a sunansa. Tunda su biyun suna cikin foldar da kalanda take kallo, sai na wayi gari da zama biyu masu suna ɗaya a lokuta daban-daban. Yanzu duk Juma'a nakan rubuta kalmar nan a wurin neman fayil in ga ko akwai, kuma ba na taɓa kwamfuta sai na ga wayar ta gama turawa.

Ki kuma sani cewa Full Calendar da Dataview ba kamfanin Obsidian ne ya yi su ba. Mutane ne suka rubuta a lokacinsu na kansu, wani kan yi shekara bai waiwayi nasa ba. Kafin ki ɗora kowanne, ki duba yaushe aka sabunta shi na ƙarshe. Abin da yake kwantar min da hankali shi ne ko ƙarin ya daina aiki gobe, ranakun suna nan a rubuce cikin fayilolina, ko Notepad zai buɗe su.

Idan duk wannan ɗore-ɗoren ya yi miki yawa, wata manhajar rubutu mai suna Notion tana yin abin kai tsaye: kowane shafi yana da akwatin rana, ki ce a nuna miki su a kalanda, su fito. A Janairun 2024 ma sun fito da Notion Calendar, daga manhajar Cron da suka saya a 2022, tana haɗa shafukan da Google Calendar a allo ɗaya. Amma bayananki a wurin kamfanin suke zama, kuma matsalar goge tsohuwar rana idan an ja tana can ita ma, don haka rabon shafi biyu da na faɗa bai canza ba. Joplin kuma, wata manhajar rubutun ce, tana da ƙararrawa mai kaɗawa a waya a kan ayyukan da aka jera, ga wanda tunatarwa ce babbar buƙatarsa. Ke da kika riga kika tara rubutun shekara uku a Obsidian, ban ga abin da zai sa ki yi ƙaura ba.

Iyakar abin da na gwada tsarin mutum ɗaya ne. Idan a ofishinku akwai sakatare ko babban lauya da shi ma yake sa ranaku, to kalandar da kowa yake gani ita ce mai gaskiya, Obsidian ta koma wurin bayaninki ke kaɗai. Ni kuma ba lauya ba ne, ke kika san waɗanne ranaku ne idan suka wuce ba gyara, kamar wa'adin shigar da takarda ko ɗaukaka ƙara. Irin waɗannan ki buɗe musu folda ta daban da jan launi, ki sa allDay ya zama true don su hau saman ranar, sannan a Google ki sa musu ƙararrawa biyu, ɗaya saura sati guda, ɗaya saura kwana ɗaya.

Kada ki ce za ki kwashe tsofaffin ranaku duka a zama ɗaya, za ki gaji ki watsar. Ki fara da shari'o'in da ke da zama a cikin wata mai zuwa, ki bar dayarin a jaka har ƙarshen watan kina gwada ta da kalandar duk yamma. Sabon zama kuma ki buɗe shi tun kina harabar kotu, da zarar alƙali ya faɗi rana, kafin ki shiga mota.